Darasin Kasuwanci: Kasuwar Hasashe Da Yadda Ake Karanta Farashinta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen wake a Tudun Hatsi da kaka, ya zuba a sito yana jiran bazara, ya san cewa rabin ciniki hasashe ne. Yakan dubi yadda damina ta kasance, ya tambayi dillalai yawan motocin da ke shigowa daga Kumo da Dukku da Bajoga, ya saurari labarin masu saye daga Kudu, sa'an nan ya yanke shawara. In ya dace ya ci riba, in kuwa bai dace ba, ko ba komai wakensa yana nan a buhu.

To, a 'yan shekarun nan an sami wata irin kasuwa, musamman a ƙasar Amurka, wadda babu buhu babu sito a cikinta. Hajar da ake saye da sayarwa ita ce hasashen kansa. Ana ciniki a kan wanda zai ci zaɓe, da yadda babban banki zai yi da kuɗin ruwa, har ma da ɗan wasan da zai fi kowa bajinta a kakar wasan ƙwallo. Ita ce ake kira kasuwar hasashe. Tun da yake wayar hannu ta rage nisan da ke tsakanin Gombe da birnin New York, kuma tun da yake masu tallata irin wannan harka sukan sa mata rigar "zuba jari", ya kamata 'yan kasuwarmu su san ta ciki da bai. A darasinmu na wannan mako za mu duba yadda take aiki, da inda ribarta ke tafiya, da kuma abin da ya raba ta da cinikin da muka gada.

YADDA KASUWAR TAKE AIKI

Kowane ciniki a kasuwar hasashe yana farawa ne da tambaya wadda amsarta "i" ce ko "a'a", kuma wadda ke da ranar da za a san gaskiyarta. Alal misali: shin ɗan wasa wane ne zai zo na ɗaya a ƙarshen kaka? Kamfanin da ke gudanar da kasuwar sai ya fitar da takardar yarjejeniya. In amsar ta zama "i", mai riƙe da takardar zai karɓi dala 1. In ta zama "a'a", bai da ko sisi.

Bari mu mai da lissafin zuwa naira domin sauƙi. A ce takardar tana biyan Naira 100. Wani ya amince abin zai faru, ya ce zai saya a Naira 30. Wani kuma ya tabbata ba zai faru ba, ya yarda ya ajiye Naira 70. Kamfani ya haɗa kuɗin biyu, Naira 100 ke nan, ya riƙe. Ranar da sakamako ya fito, wanda ya yi daidai ya kwashe duka. A nan kamfanin dillali ne kurum, la'adarsa yake ci, ba ruwansa da wanda ya yi nasara.

Abin lura shi ne farashin. Idan takarda mai biyan Naira 100 tana tafiya a Naira 30, ma'anarsa jama'ar kasuwa sun kintata cewa yiwuwar faruwar abin kashi 30 ne cikin 100. Farashin kuma ba ya tsayawa wuri guda. Da zarar ɗan wasan ya yi abin kirki a makonni biyu, sai takardar ta haura Naira 45, wanda ya saya a 30 yana iya sayarwa nan take ya ci ribar 15 ba tare da jiran ƙarshen kaka ba. In kuwa aka ji ya ji rauni, farashin na iya faɗowa Naira 3 kafin a idar da sallar la'asar. Wannan hawa da sauka shi ya sa harkar ta yi kama da kasuwar hannun jari a ido.

ASALIN TUNANIN

Masana tattalin arziki sun daɗe da cewa farashi ma'ajiyar labari ne. Abin da manomi ya sani, da abin da direban mota ya gani a hanya, da abin da mai sito ya ɓoye a ransa, duk suna haɗuwa su fito a farashin buhu. Shaihin malami Friedrich Hayek ya yi fice da wannan bayani a wata maƙala da ya buga a 1945.

Akwai kuma wani labari da zai yi wa fataken shanu daɗi. A 1906, a wani bajekolin dabbobi da aka yi a garin Plymouth na ƙasar Ingila, aka kawo wani sa aka ce jama'a su kintaci nauyin namansa bayan an yanka an feɗe. Mutane kusan 800 suka sayi tikiti suka rubuta kintacensu, da yawansu mahauta ne da manoma. Wani masani mai suna Francis Galton ya karɓi takardun ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Kintacen da ya faɗo a tsakiya shi ne laba 1,207, ainihin nauyin kuwa laba 1,198. Kuskuren taron bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai a lura da sharuɗɗan da suka sa haka ta yiwu: mutanen suna da yawa, sun san dabba, kuma kowa ya rubuta nasa ba tare da leƙen na wani ba.

A kan wannan tunani ne Jami'ar Iowa ta Amurka ta buɗe wata 'yar ƙaramar kasuwar hasashen zaɓe a 1988 domin bincike da koyarwa. A shekarar 2000 kamfanin Betfair ya buɗe a Ingila, inda masu cacar wasanni ke ciniki da junansu, kamfani na cin la'ada. Manyan kasuwannin da suka yi suna daga baya su ne Kalshi, wanda hukumar kula da cinikin alkawarin kayayyaki ta Amurka, watau CFTC, ta ba shi izini a 2020, da kuma Polymarket, wanda aka kafa a wannan shekara, yana amfani da kuɗin intanet. A watan Janairu na 2022 hukumar ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 saboda gudanar da kasuwa ba da rajista ba. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2024 an yi cinikin fiye da dala miliyan dubu 3 a Polymarket, kuma a farkon 2025 Kalshi ya soma fitar da takardu a kan wasanni. Nan take hukumomin kula da caca na wasu jihohi, irin su Nevada da New Jersey, suka ce wannan caca ce da aka sauya wa suna, magana ta kai gaban kotu.

MISALIN GWANIN CAFKE ƘWALLO

Domin mu ga wahalar da ke cikin irin wannan hasashe, bari mu ɗauki wata tambaya da akan yi ciniki a kanta kowace shekara a Amurka. Suna da wani wasa mai kama da zari-ruga, wanda babbar gasarsa, NFL, ke da ƙungiyoyi 32. Tun daga 2021 kowace ƙungiya tana buga wasanni 17, daga Satumba zuwa farkon Janairu. A cikin wasan akwai mai jefa ƙwallo, akwai kuma masu rugawa gaba su cafke. Duk lokacin da aka cafke, sai a auna nisan da ƙungiya ta ci gaba da shi, da yadi, wato yadin nan mai ƙafa 3 da masu sayar da yadi suka sani. A ƙarshen kaka sai a tara, a ga wanda ya fi kowa yawan yadi. Tambayar kasuwa ita ce: wane ne zai zo na ɗaya?

Ga abin da ya faru a kakanni huɗu a jere. A 2021 Cooper Kupp na ƙungiyar Los Angeles Rams ya zo na ɗaya da yadi 1,947, saura kaɗan ya kamo tarihin da Calvin Johnson ya kafa a 2012 na yadi 1,964. A kakar da ta biyo baya sai ya ji rauni a idon sawu, wasa 9 kaɗai ya buga. A 2022 Justin Jefferson na Minnesota Vikings ya karɓi kambin da yadi 1,809, a 2023 shi ma ciwon tsokar cinya ya hana shi buga wasanni 7. A 2023 Tyreek Hill na Miami Dolphins ya yi yadi 1,799, amma a 2024 bai kai ko 1,000 ba, a kakar da mai jefa masa ƙwallo ya yi makonni yana jinya. A 2024 kuwa Ja'Marr Chase na Cincinnati Bengals ne ya zo na ɗaya da yadi 1,708.

Shekara huɗu, mutum huɗu. Wanda duk ya dogara da cewa gwanin bara shi ne gwanin bana, ya yi hasara sau uku a jere. Dalili kuwa a fili yake: sakamakon ya rataya ne a kan lafiyar ɗan wasan, da lafiyar mai jefa masa ƙwallo, da dabarar mai horarwa, da ƙarfin abokan karawa, kuma masu neman kambin suna da yawa. Saboda haka ko wanda aka fi kyautata wa zato a farkon kaka, farashin takardarsa yakan kasance ƙasa da rabi nesa ba kusa ba. Watau kasuwar da kanta tana gaya wa mai saye cewa faɗuwarsa ta fi cinsa kusa.

IRINTA DA KE KUSA DA MU

Wannan wasa na Amurka ba shi da 'yan kallo da yawa a nan, amma tambayar tana da 'yar'uwa a kowane gidan kallon ƙwallo daga Jekadafari zuwa Pantami da Bolari: wa zai fi cin ƙwallaye a gasar Firimiya ta Ingila? Erling Haaland ya ci 36 a kakar 2022/23, ya sake zuwa na ɗaya da 27 a 2023/24, sa'an nan Mohamed Salah ya karɓe da 29 a 2024/25. A Italiya ɗan ƙasarmu Victor Osimhen ya zo na ɗaya da ƙwallaye 26 a 2022/23. Kamfanonin cacar ƙwallo da ke aiki ta waya da ta shaguna suna karɓar kuɗi a kan irin waɗannan tambayoyi tun kafin a buɗe kaka.

Bambancin shi ne, a shagon caca kamfani ne ke yanka farashi, kuma shi ne abokin karawarka. Maimakon ya ce takarda Naira 25, sai ya rubuta lamba, kamar 4.00, ma'ana duk Naira 1 da ka zuba za ta dawo Naira 4 in ka ci. Mai da wannan lamba zuwa kaso ba wuya: a raba 100 da lambar. Lamba 4.00 kashi 25 ke nan cikin 100, lamba 2.50 kashi 40, lamba 5.00 kashi 20, lamba 8.00 kuma kashi 12 da rabi.

Yanzu ga lissafin da kowane ɗan kasuwa ya kamata ya iya. A ce, domin misali, 'yan wasa biyar ne kaɗai ke takara, kamfani ya ba su 2.50 da 4.00 da 5.00 da 8.00 da 8.00. In aka tara kasonsu, 40 da 25 da 20 da 12.5 da 12.5, za a sami 110. Amma kowa ya san mutum ɗaya ne zai ci, saboda haka jimlar gaskiya 100 ce. Ina goman da ta hau? Ita ce ribar kamfani. A ce jama'a sun zuba Naira 40,000 a kan na farko, 25,000 a kan na biyu, 20,000 a kan na uku, da 12,500 a kan kowane ɗaya daga na huɗu da na biyar. Kamfani ya karɓi Naira 110,000. Ko wane ne ya ci, abin da zai biya Naira 100,000 ne daidai. Ya tashi da Naira 10,000 tun ba a busa usur ba, wato kimanin kwabo 9 a kowace naira.

Abin ya fi muni ga masu haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya. In kamfani yana yankar kashi 5 cikin 100 a kowane wasa, mutum ya jera wasanni 10, yankan yana hawa kan yanka, har ya zama a lissafi kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa ya riga ya zama na kamfani. Dogon tikiti mai alkawarin miliyoyi shi ne hajar da ta fi kowace tsada a shagon.

INDA RIBAR KE ZURAREWA

Masu kasuwar hasashe sukan ce tasu ta fi adalci, domin babu kamfanin da ke karawa da kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, yankansu yakan fi na shagon caca sauƙi. Duk da haka akwai ƙofofi huɗu da kuɗi ke zurarewa.

Ta farko ita ce la'ada, tare da ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. In masu saye sun taya 28, masu sayarwa sun tsaya a 32, wanda ya saya ya kuma sayar nan take ya yi hasarar 4 ba tare da wani abu ya faru a filin wasa ba. A kasuwar da ba ta da jama'a ratar takan yi faɗi ƙwarai.

Ta biyu ita ce lokaci. A ce mutum ya sayi takardun da ake ganin tabbas ne a Naira 90,000, domin ya karɓi Naira 100,000 bayan wata tara, tsawon kakar Firimiya. Ribarsa kashi 11 ce cikin 100, in ya ci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. A irin wannan yanayi, ko ya ci, kuɗin da ya dawo masa ba zai sayi buhunan da zai saya da farko ba. Ga shi kuma jarin ya kwanta wata tara, alhali da a kanti yake da an juya shi sau da yawa. Bugu da ƙari, faɗuwa ɗaya ta Naira 90,000 tana shafe cin sau tara.

Ta uku ita ce kwaɗayin abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kowa yana tuna yadda Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 bayan kamfanonin caca sun ba ta 5,000 a kan 1. Abin da ba a tunawa shi ne dubban irin waɗannan tikiti da suka mutu shiru a sauran shekaru. Tun 1949 masu bincike kan cacar sukuwar dawaki a Amurka suka gano cewa jama'a sukan biya fiye da kima a kan dokin da ba a sa masa rai, kuma an yi ta samun haka a wasu wasanni. Takarda mai arha tana jan ido, amma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Ta huɗu, wadda ta fi duka, ita ce cewa kasuwar ba ta haifar da dukiya. Naira 100 da aka tara ita ce Naira 100 da za a raba, a cire la'ada. Duk kwabon da wani ya ci daga aljihun wani ya fito. Saboda haka tambayar da mai shiga ya kamata ya yi wa kansa ita ce: wane ne a ɗaya ɓangaren? Sau da yawa ƙwararru ne masu na'urorin lissafi da ma'aikata, waɗanda labarin raunin ɗan wasa ke isa gare su kafin ya iso gidan kallo.

LOKACIN DA FARASHI KE ƘARYA

Mun ga sharuɗɗan da suka sa taron Plymouth ya yi daidai. In ɗaya ya faɗi, farashi ya daina faɗin gaskiya. Idan masu ciniki kaɗan ne, mai kuɗi guda yana iya karkata farashi, kamar yadda babban attajiri zai shiga ƙaramar kasuwar ƙauye ya tayar da farashin masara cikin awa ɗaya. Idan jama'a suna saye ne don son ƙungiya, farashi zai auna soyayya maimakon yiwuwa.

Akwai kuma matsalar 'yan ciki. Hukumar NFL ta dakatar da Calvin Ridley, wanda shi ma mai cafke ƙwallo ne, tsawon kakar 2022 saboda ya yi caca a kan wasannin gasar. A Ingila an dakatar da Ivan Toney wata 8 a 2023 saboda karya dokokin caca. A nan gida ma mun ga yadda ake iya shirya sakamako. A watan Yuli na 2013, a wasannin neman ƙarin girma na ƙananan ƙungiyoyi da aka yi a Bauchi, an tashi wani wasa 79 da nema, wani kuma 67 da nema, har Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da ƙungiyoyi huɗun na shekara 10. Wancan don neman hayewa aji na gaba aka yi, amma ya isa ya nuna cewa wanda ya ɗora kuɗinsa a kan abin da wasu mutane ke iya juyawa, cinikin biri a sama ya yi.

BAMBANCINTA DA CINIKIN HATSI

Wani zai ce, ai mai ajiye wake ma hasashe yake yi, mene ne bambanci? Bambancin yana da girma. Mai ajiye wake yana yi wa jama'a aiki: ya ɗauke kaya lokacin da suka yi yawa, ya biya hayar sito, ya sa magani don ƙwari, ya fito da su lokacin da ake bukata. Ribarsa ladan wannan aiki ce da kasadar da ya ɗauka. In kasuwa ta juya masa baya zai sayar da ragi, amma uwar kuɗi ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Takardar hasashe kuwa, in ta faɗi, ba ta da ko darajar ƙunshin ƙosai.

Haka nan cinikin alkawari, wanda ake yanka farashi yau a kawo kaya nan gaba, an ƙirƙiro shi ne domin rage hatsarin da ke akwai tun farko. Kasuwar hatsi ta birnin Chicago, wadda aka kafa a 1848, ta bunƙasa ne saboda manoma da masu injin niƙa suna son sanin farashi tun da wuri. A shari'ar Musulunci akwai cinikin salam, inda mai saye zai biya kuɗi cikakke tun farko, a bayyana irin kaya da yawansu da ranar kawowa. Mai kamfanin mai da ke bukatar gyaɗa ko waken soya, ko mai injin gurzar auduga, wadda Gombe ta daɗe da yin suna a kanta, yana iya kare kansa daga tashin farashi ta wannan hanya, manomi kuma ya sami kuɗin taki. Inshorar amfanin gona da takaful su ma manufarsu ke nan.

Ga ma'auni mai sauƙi da za a iya ɗora kowace harka a kai: in ban shiga wannan ciniki ba, akwai hasarar da ke jirana? Manomin da ke tsoron fari yana da amsa, mai shigo da kaya da ke tsoron tashin dala yana da amsa. Ɗan kasuwar Gombe kuwa, ko Chase ya yi yadi 2,000 ko ya yi 200, ko Haaland ya ci ƙwallo 40 ko ya ci 4, ba abin da zai taɓa kantinsa. Hatsarin babu shi sai da ya saye shi da kuɗinsa.

MATSAYIN DOKA DA ADDINI

A 2005 aka kafa Dokar Caca ta Ƙasa tare da hukumar da ke ba kamfanoni lasisi. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar, cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya kuma ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan ita ce kowace jiha tana da ikon halatta harkar, ko sa mata haraji, ko hana ta. A 2024 ɗin Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Saboda haka duk mai tunanin ba da hayar shago ko zama wakilin irin waɗannan kamfanoni, wajibi ne ya nemi sanin dokar jiharsa tukuna. Wanda kuma ya aika da kuɗi wata kasuwa a ƙetare ta hanyar kuɗin intanet, ya sani in rigima ta taso a kan yadda aka yanke sakamako, ba shi da ofishin da zai kai kuka a kusa.

Ta fuskar addini kuwa, haramcin caca a bayyane yake a Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Malaman fiƙihu sun siffanta caca da cewa kowane ɓangare ya ajiye dukiya, ɗaya ya kwashe ta duka gwargwadon faruwar wani abin da ba a san ƙarshensa ba. Mai karatu ya koma ga misalinmu na Naira 30 da Naira 70 ya gwada da wannan siffa. Sauya wa tuwo suna ba ya sauya garin da aka tuƙa shi da shi.

ABIN DA ƊAN KASUWA ZAI ƊAUKA

Na farko, a koyi karanta farashin a matsayin labari. Idan kafofin watsa labarai suka ce kasuwar hasashe ta ba wani abu kashi 70 cikin 100, kamar rage kuɗin ruwa a Amurka, wanda ke iya shafar dala da farashin kayan da muke shigowa da su, wannan bayani ne mai amfani, kuma kyauta ne. Sai dai a tuna kashi 70 na nufin a cikin irinsa goma, uku ba za su faru ba.

Na biyu, a ɗauki ɗabi'ar sa wa hasashe lamba. Maimakon a ce "masara za ta tashi", a ce "ina ganin kashi 60 cikin 100 za ta tashi kafin watan Yuni", a rubuta a littafi da kwanan wata, a dawo a duba. Bayan kaka biyu ko uku mutum zai san ko idonsa na gani daidai, ko kuwa yana tuna nasarorinsa ne kurum yana manta faɗuwarsa. Haka kuma kafin babban saye a tambayi mutane da yawa, kowa shi kaɗai, kamar yadda aka yi da san nan na Plymouth.

Na uku, a tsare jari. Maigida ya raba asusun kanti da na aljihu, ya riƙa rufe lissafi kowace rana, musamman inda yaran shago ke riƙe da na'urar POS ko wayar da ake karɓar kuɗin ciniki da ita. Tsakanin kuɗin kanti da tikitin ƙwallo yanzu danna waya sau uku ne, kuma mai caca da kuɗin amana kullum yana cewa gobe zai mayar. Rigakafi ya fi magani. A kuma zauna da yaran a yi musu lissafin 110 da 100 da muka yi a sama, domin wanda faɗa bai ratsa shi ba, alƙalami yana iya ratsa shi.

Domin jarraba fahimta, ga tambayoyi biyu. Kamfani ya ba ƙungiyoyi biyu 1.80 da 1.80 a wasan da dole ɗaya ta ci: nawa ne jimlar kason, kuma nawa ne rabon kamfani a kowace naira? Sa'an nan, takarda mai biyan Naira 100 tana tafiya a Naira 95: sau nawa mutum zai ci kafin ya mayar da faɗuwa ɗaya? Wanda ya sami kimanin 111 da kwabo 10 a ta farko, da kuma sau 19 a ta biyu, ya fahimci darasin.

Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya tsare mana jarinmu.